Daga Tandun Kwalli Zuwa Gilashin Manne

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina a tsakiyar hunturu, ya tsaya a Kankiya ko ya karkata gabas zuwa Kusada, zai lura da abu guda a fuskokin jama'a: kowa ya ƙanƙance ido. Ɗan acaɓa yana kare ƙura, manomi yana kare hasken da ke tashi daga busasshiyar gona, tela kuma yana neman kafar allura. Idan aka shekara talatin ko arba'in ana wannan ƙanƙancewa, sai ta bar alamarta a gefen ido, wato ƙananan layukan nan na tamoji da ke bazuwa zuwa wajen kunne, waɗanda Turawa suka kamanta da sawun hankaka.

A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo cikin kayan kwalliya, musamman na amare. Shi ne gilashin manne, wanda aka fi sani da kontak lens, ɗan faifai mai laushi kamar faɗin farcen yatsa, da ake ɗorawa a kan baƙin ido. Wasu na sa shi don gyaran gani, da yawa kuma don sauya launin ido kawai. Wata magana ta biyo bayansa, wai yana hana tamoji, tunda mai shi ya daina ƙanƙance ido. Wasu kuma suka ce akasin haka ne, jan fatar ido kullum wajen sawa da cirewa shi ke tsufar da ita.

Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, sai dai tarihin ƙasar nan ya nuna cewa batun ya fi tamoji nauyi. Tun kafin gilashin manne Bahaushe yana sa wa idonsa abin da ya haɗa ado da magani, kuma a kowane zamani abubuwa biyu ne suka raba amfani da hasara: da me aka yi abin, da kuma tsabtar hannu da ruwan da suka kai shi ido.

Kwalli da hanyar fatake

A farkon 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya bar Katsina ya nufi Kano, ya ratsa ta Kusada, inda ya tarar da gari mai ganuwa. Hanyar da ya bi ita ce ƙarshen kudu na babbar hanyar fatake da ta taso daga Tarabulus, ta biyo ta Gat da ƙasar Abzin, wadda ake shigo da takarda da allurai da madubai da duwatsun ado ta kanta. Shekara 27 kafin shi, a 1824, Hugh Clapperton ɗan ƙasar Sikotland ya zauna a Kano, ya lissafa kayan da ya gani a kasuwar birni, kuma dutsen kwalli yana cikinsu.

Sunaye biyu da Hausa ke kiran abin da su sun isa shaida kan inda al'adar ta biyo. Kwalli ya samo asali daga kalmar Larabci kuhl, tozali kuwa ɗan'uwan tazolt ne na harshen Abzinawa. Dutsen kansa bai zama dole ya tsallako Sahara ba, domin ana haƙo shi a kwarin Binuwai, a wurare irin su Zurak ta ƙasar Wase da Arufu ta ƙasar Wukari. A kasuwannin ƙasar Kano da Katsina ake niƙa shi, a zuba a ɗan tandu na fata, a riƙa zizarawa da tsinke. Ana sa wa jariri, ana rambaɗa wa amarya, dattijo ma yana sawa ranar Juma'a. Addini ya ƙara masa daraja, domin Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito hadisan da Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da amfani da kwallin ismid saboda amfaninsa ga gani.

Abin da zamani ya bankaɗo shi ne cewa baƙin dutse mai ƙyalli da ake sayarwa da sunan kwalli sau da yawa haɗin dalma ne da farar wuta. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, ɗan asalin Nijeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma gwaji ya nuna kashi 82.6 cikin ɗari na garin dalma ne. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma yakan gangara da garin ta hanci zuwa maƙogwaro. Arewa ta san abin da dalma ke yi wa yara tun 2010, lokacin da gubarta, daga duwatsun zinari da ake niƙawa cikin gidaje, ta hallaka yara aƙalla 400 a Zamfara. Dalma kaɗan ba ta kisa, amma tana rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba.

Akwai kuma tsinken kansa. A gida mai yawa tandu ɗaya ne, tsinke ɗaya, daga idon uwa zuwa na ɗiya zuwa na ɗan kishiya. Idan akwai mai ciwon ido a cikinsu, tsinken ya ishe shi rabawa.

Unguwar makafi

Clapperton ya kuma rubuta cewa makanta ta yi yawa a Kano, har makafi suna da unguwarsu a cikin ganuwa. Sarautar Sarkin Makafi da ake da ita a masarautun ƙasar Hausa ta nuna cewa yawansu ya kai a tsara musu shugabanci. Agana da ƙyanda sun ci idanu da yawa, yanar ido ta rufe na tsofaffi, sannan ga amosanin ido, wanda shi ne ya fi kusa da wannan batu.

Amosani cuta ce ta ƙwayar bakteriya da ke yawo tsakanin yara ta hannu, da tsumma, da ƙudaje masu bin kwantsa. Kamuwa ɗaya ba ta makantarwa. Amma idan aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, sai cikin fatar ido ya yi tabo ya tattare, gashin ido ya juya ciki, ya riƙa gogar tantanin gaban ido, wanda likitoci ke kira koniya, a duk ƙiftawa, har ya yi fari. Mata sun fi maza faɗawa, saboda su ke tare da yara. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1993 yana da rassa huɗu: tiyatar fatar ido, maganin azitiromaisin, wanke fuska, da gyaran muhalli. Biyu daga cikin huɗun batun ruwa ne da tsabta. Lokacin babban aikin ƙidayar amosani na duniya an auna dukkan ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, har da Kankiya da Kusada, aka wallafa sakamakon a 2016, kuma da shi ake tsara inda za a kai magani da tiyata.

Ita kuwa yanar ido, maganinta na gargajiya shi ne mai sana'ar ya soka tsinin ƙarfe a gefen ƙwayar ido, ya tura yanar ta faɗa ciki. Haske yakan dawo nan take, shi ya sa sana'ar ta daɗe, amma ido da yawa kan lalace daga baya. Asibitin zamani ya zo a makare, kuma daga nesa. Mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin ido na Kano a 1943, wanda yanzu ke hannun ECWA. Dokar da ta kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ta fito a 1979, ta hukumar rajistar masu gwajin gani da haɗa tabarau kuma a 1989.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna inda aka kwana. Kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13. Yanar ido ce sanadin kashi 43 na makantar, kuma kashi 84 irin wadda za a iya hanawa ko warkarwa ce. Cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 na gargajiya aka yi musu. Babban sanadin matsakaicin raunin gani kuwa bai wuce rashin tabaran da ya dace ba. Wannan na ƙarshe shi ne mahaɗar tarihin makanta da batun tamoji, domin wanda ba ya gani sosai shi ke yini yana ƙanƙance ido.

Yadda gilashi ya sauka daga hanci zuwa ido

Ilimin da tabarau ya tsaya a kansa yana da tushe a aikin Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya rayu a Alƙahira, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a farkon ƙarni na 11. Shi ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. An fassara littafin zuwa Latin, kuma wajen 1286 aka ƙera tabarau na farko a arewacin Italiya. Tunanin ɗora gilashin a kan ido kai-tsaye ya daɗe a takarda kafin hannu ya iya aikata shi.

A 1888 likitan ido Adolf Fick ya gwada shi a Zurich ta ƙasar Suwizalan, da ƙoƙon gilashi mai faɗin kusan milimita 20 da ke rufe har farin ido. A shekarar dai Eugène Kalt ya gwada irinsa a Faris ga masu cutar da ke sa tantanin gaban ido ya yi tsini. Shekara guda bayan haka wani ɗalibin likitanci a Kiel ta Jamus, August Müller, ya gyara nasa ganin da shi, amma bai iya jure shi fiye da rabin awa ba. Dalilin wahalar yana cikin halittar ido. Tantanin gaban ido ba shi da jijiyar jini, don haka daga iska yake samun iskar oksijin ta cikin hawaye. Duk abin da ya rufe shi ya toshe masa numfashi, sai ya kumbura, gani ya dushe.

Shekara ɗari da suka biyo baya an shafe su ana neman abin da zai zauna a ido ba tare da ya shaƙe shi ba. A 1936 William Feinbloom ya shigo da roba mai tauri a New York. A 1948 Kevin Tuohy na Kalifoniya ya ƙanƙanta faifan ya zama iya tantanin gaban ido, yadda hawaye zai riƙa zagayawa a ƙarƙashinsa. Babban sauyi ya zo daga Prag, inda masanin sinadarai Otto Wichterle da abokin aikinsa Drahoslav Lím suka haɗa wata roba mai shan ruwa. Da aka dakatar da binciken a wurin aikinsa, Wichterle ya koma gida, kuma a lokacin Kirsimeti na 1961 ya haɗa injin juyawa da kayan wasan yara na Merkur da dainamon keke, ya ƙera gilashin manne mai laushi guda huɗu na farko. Kamfanin Bausch & Lomb ya samu izinin sayar da irinsa a Amurka a 1971. Na amfani a yar ya fito a 1987 da sunan Acuvue, na yini ɗaya a tsakiyar shekarun 1990, sannan a ƙarshen shekarun aka samu mai haɗin silikon da ke barin iska ta wuce sosai.

Cikin duk waɗannan mutane babu wanda ya nufi fata. Burinsu gani ne, kuma har yau akwai waɗanda gilashin manne ya fi musu tabarau nesa ba kusa ba: mai tsinin tantanin ido, da wanda lambar idonsa ɗaya ta yi wa ɗayar nisa, da jaririn da aka cire wa yanar ido.

Daga ina tamoji ke fitowa

Fatar da ke kewaye da ido ita ce mafi sirantaka a jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, kuma ba ta da kitse ko maiƙo sosai. A ƙarƙashinta akwai tsoka mai siffar zobe da ke rufe ido. Mutum yakan ƙifta kimanin sau 15 a minti, wato sama da sau dubu goma a yini, ban da dariya da ƙanƙancewa. Duk lokacin da zoben ya tsuke, fatar gefen ido tana naɗewa. A ƙuruciya tana komawa daidai saboda zarurruka biyu da ke cikinta, kolajin mai ba ta ƙarfi da elastin mai ba ta talewa. Shekaru suna rage su, hasken rana mai ƙuna da ido ba ya gani yana kakkarya su, hayaƙin taba yana ƙara hanzarta lalacewar. Idan suka yi rauni, layin da a da sai an yi dariya yake fitowa sai ya zauna daram.

Ƙanƙance ido dabara ce ta jiki. Idan ƙofar da haske ke shiga ta ƙanƙance, hoton da ya faɗa bayan ido yakan ƙara fitowa, kamar yadda ƙaramar huda a bangon ɗaki mai duhu ke zana hoton waje, abin da Ibn al-Haisam ya yi bayaninsa shekara dubu da suka wuce. Saboda haka gaskiyar da ke cikin maganar masu talla ita ce, duk wanda aka gyara masa gani zai rage ƙanƙancewa. Amma tabarau yana yin wannan aiki daidai da gilashin manne, har ya ɗara shi da abu guda: yana tare wa fatar wani ɓangare na rana da iska. Ko da gilashin manne yana da kariyar rana, iyakarsa baƙin ido, fatar gefe tana waje. Mai launi da ba shi da lamba kuwa ba ya gyara gani ko kaɗan, don haka babu wata ƙanƙancewa da zai rage. Idan ma ya bushe ko ƙura ta shiga ƙarƙashinsa, sai ƙiftawa da murzawa su ƙaru.

Masu cewa yana tsufar da fata su ma ba su rasa hujja ba. Likitocin ido sun daɗe da lura cewa waɗanda suka shekara da yawa suna sa mai tauri, suna jan gefen ido don fitar da shi, sun fi saurin samun saukar fatar ido ta sama. Wannan rauni ne na jijiyar da ke ɗaga fatar, kuma gyaransa tiyata ce.

Abin sha'awa, maganin tamoji mafi shahara a duniya daga ɗakin likitan ido ya fito. A shekarun 1970 Alan Scott na San Francisco ya fara allurar ɗan mitsitsin dafin botulinum a tsokar ido don gyara harara-garke. A 1987 wata likitar ido a Vancouver ta Kanada, Jean Carruthers, da ke yi wa masu matsewar fatar ido wannan allura, ta lura layukan goshinsu suna ɓacewa. Ita da mijinta Alastair, likitan fata, suka bi batun. Amurka ta amince da Botox don layin tsakanin gira a 2002, don na gefen ido kuma a 2013. Aikinsa kashe ƙarfin tsokar ne na wata uku zuwa huɗu, abin da ya tabbatar da cewa motsin zoben nan shi ne rabin labarin, rana da shekaru su ne sauran rabin.

A nan baƙar fata tana da gata. Sinadarin melanin yana tsotse kaso mai yawa na hasken da ke lalata kolajin, shi ya sa tamoji ke jinkirin bayyana a kanta idan aka kwatanta da farar fata. Wannan gata ne man bilicin ke zubarwa. Yawancinsa yana ɗauke da haidirokwinon ko sitiroyid ko makuri, kuma sitiroyid yana sirantar da fata, idan kuma ya daɗe kusa da ido yana iya jawo hawan ruwan ido, wato gilakoma, da yanar ido. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Macen da ke shafa irin wannan mai da dare, ta sa gilashin manne da safe don gudun tamoji, ta riga ta rushe babbar garkuwarta da hannunta.

Ƙura da ruwan rijiya

An ƙera gilashin manne ne a garuruwa masu sanyi da laima da ruwan famfo, aka kuma ɗora shi a kan sharuɗɗan da ke da wuya a tsakiyar Katsina. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana zuwa a bushe ƙamas, ɗauke da ƙura mai laushi daga Sahara. Faifan mai laushi soso ne, idan iska ta busar da shi daga hawaye yake ramawa. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale tsakaninsa da ido tana iya karce tantanin, kuma wannan karcewa ita ce ƙofar da cuta ke jira.

Cututtuka biyu ne suka fi tsoratar da likitoci. Ta farko bakteriya ce mai suna sudomonas, wadda ke iya cinye tantanin gaban ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta biyu wata halitta ce mai ƙwaya ɗaya, akantamiba, da ke zaune a ƙasa da ƙura da ruwan rijiya da na tanki, har da na famfo, domin idan ta ƙudundune cikin ƙwansonta sinadarin kulorin ba ya kashe ta. An fara gano ta a idon mutum a farkon shekarun 1970, amma ba ta yi yawa ba sai a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da masu gilashin manne a Amurka suka riƙa haɗa ruwan gishirin wankewa a gida don rage kashe kuɗi. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na masu kamuwa da ita a can masu sa gilashin manne ne. Zafinta yana da tsanani, maganinta yakan ɗauki watanni, wani lokaci kuma sai an kai ga dashen tantanin ido, aikin da ba kasafai ake samunsa a Nijeriya ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta kuma ƙiyasta cewa barci da gilashin a ido yana ninka haɗarin kamuwa sau shida zuwa takwas.

A gidan da ake ajiye ruwa a randa ko jarka, kuma ake alwala sau biyar a yini, raba gilashin da ruwa aiki ne na kullum. Dole a wanke hannu da sabulu a busar da shi sarai kafin a taɓa shi, a runtse ido sosai wajen wanke fuska, kada a yi wanka da shi, kada a jiƙa shi da yawu ko ruwan leda, a zubar da ruwan maganin da ya kwana a cikin ɗan akwatinsa a zuba sabo. Wanda aka yi don wata guda ba ya zama na wata uku don kawai bai yage ba.

Mai launi na kwalliya ya fi kowane haɗari, saboda hanyar da yake bi ya iso ido. Ana sayensa a shagon kayan shafa ko ta Instagram, babu wanda ya auna lanƙwasar idon mai saye, babu wanda ya koya mata cirewa. Tun 2005 dokar Amurka ta sanya shi cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likita, ko da ba shi da lamba. Mafi muni shi ne wanda aka cire daga idon wata aka ajiye don wata. Wannan tsinken tandu ne ya dawo da sabuwar kama, sai dai shi yana yini a manne a kan tantanin da mutum ke gani da shi. Bahaushe ya riga ya yi wa irin wannan ciniki suna: garin neman gira a rasa ido.

Abin da ya dace a fara da shi

Ga mai son jinkirta tamoji a wannan ƙasa, matakin farko gwajin gani ne. Daga wajen shekara 40 idon kowa yana fara kasa ganin kusa, kuma tabaran karatu yana cikin mafi arahar kayan asibiti. Wani gwaji da aka wallafa a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya ya nuna cewa waɗanda aka ba irin wannan tabarau sun ƙara yawan aikinsu da kusan kashi 22 cikin ɗari. Mai ɗinkin hula, da alaramma mai rubutun allo, da mai tsince shinkafa, da ma'aikacin da ke yini gaban kwamfuta, duk suna cikin wannan sahu. Mataki na biyu inuwa ce. Malfar manomi da rawanin da ke sauka kan goshi sun daɗe suna aikin da ake sayen baƙin tabarau mai kariyar rana dominsa. Na uku shi ne barin murza ido, da neman maganin ƙaiƙayi daga wanda ya san aikin, domin ɗigon sitiroyid da ake saye a kemis ba tare da dubawa ba yana iya hura wutar gyambon ido.

Wanda yake da dalilin sa gilashin manne, ya je wurin likitan ido ko masanin gwajin gani a Katsina ko Kano, a auna shi, a koya masa. A yanayin ƙura, na yini ɗaya da ake yarwa da dare ya fi aminci, domin ba shi da akwati balle ruwan ajiya, kuma a ranakun hazo mai kauri tabarau ya fi. Amaryar da ke son launi na yinin biki ita ma wannan hanya ce tata, da sabon faifai daga cikin ledarsa, nata ita kaɗai.

Kankiya tana da rawar da za ta taka fiye da yawancin garuruwa, domin makarantar fasahar kiwon lafiya da ke garin tana yaye ma'aikatan da ke zaune a ƙananan asibitocin karkara, kuma su ne farkon waɗanda jan ido ke isa gabansu. Shekarun baya abin da ake koya musu su duba shi ne juyawar gashin ido da farin yana. Yanzu akwai ƙarin tambaya ga duk budurwa ko saurayin da ya zo da ido ja, mai zafi, mai gudun haske: ko an sa gilashin manne a kwanakin nan? Idan amsar e ce, a cire shi, kada a rufe idon da bandeji, kada a ɗiga sitiroyid, a tura mai shi asibitin ido a ranar, tare da faifan da akwatinsa don a gwada. Tazarar da ke tsakanin warkewa da farin tabo na har abada a kan baƙin ido takan kasance kwana biyu kacal.